Maƙalen da Na Fi Yarda da Shi

Jiya ina cika wa wata tsohuwa fom, ɗayanku, ku masu koyon aiki, ya tsaya a bayana ya ce da abokinsa, wai shi a hankali yake magana, "Ai wannan aikin danne-danne ne kawai." Na ji shi sarai. Idona ne ya fara rauni, kunnena lafiyarsa ƙalau. Ban tanka ba saboda tsohuwar tana zaune, muna laluben shekarar haihuwarta tsakanin wata yunwa da ta ce ta tuna da lokacin da aka tare ruwan Watari. Yau da babu layi, ku jawo bencin nan ku zauna. Kai mai jar hula, ajiye wayar. Ban yarda da wayar da ke kallona ina magana ba.

Ni Tasi'u, kafin in buɗe shagon nan na bakin tasha a Bagwai, tafireta na fara bugawa. Na koya ne a wurin Malam Ɗanjuma, wani dattijo da ke da tebur a gindin darbejiya can wajen Ungogo, lokacin duk gonaki ne inda kuke ganin gidajen bulo yanzu. Da aurena na je masa, har da gemu. Amma wata uku bai bar ni na taɓa injin ba. Aikina shi ne in gyara takardu, in sa takardar kabon a tsakaninsu, in an gama kuma in ƙone kabon ɗin a cikin wani tsohon gwangwanin madara.

Wata rana wani mutum ya zo aka buga masa takarda kan rikicin gona tsakaninsa da ƙaninsa. Da ya tafi na ji ƙyuyar kunna ashana, na dunƙule kabon ɗin na jefa kwandon shara. Malam Ɗanjuma bai yi faɗa ba. Ya sa hannu ya ɗauko, ya warware shi a kan cinyarsa, ya ɗaga shi saitin rana, ya karanta mini takardar mutumin daga bisimilla har sa hannu. Sannan ya ce, "Ƙanin nasa a nan layin yake sayar da goro. Da shi ya tsinta fa?" Na ce tuba nake. Ya ce, "Ba ni za ka tubar wa ba. Ɗauko ashana." Tun daga ranar zargi ya shiga jinina, kuma a sana'ar nan zargi kayan aiki ne, kamar firinta.

Da kwamfuta ta zo na koya da kyar, ina danna madannai da ƙarfi kamar har yanzu tafireta ce, sai da na kashe allon madannai biyu. Daga baya aiki duk ya koma intanet: rajistar jarabawa, neman aiki, katin kaza, tallafin kaza. Ƙofar shiga intanet ita ce burauza, wannan kun sani. Abin da kuke rainawa shi ne 'yan ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauzar don su ƙara mata hannu. Ku kuna ce musu ekstenshan. Ni bakina bai iya ba, maƙale nake ce musu. A lokacin da nake ji da kaina guda shida gare ni, kuma kowanne akwai ranar da ta sa na ɗauko shi.

Na farko, wani malamin Islamiyya ne sanadi. Ya zo da rawaninsa da carbinsa, yana son in sauke masa wani littafin fiƙihu. Muna buɗe shafin sai ga talla ta faɗo a tsakiyar allo, wata mata ce da kayan da ba su kai rabin ƙyalle ba, tana tallan maganin da ba zan faɗa a gabanku ba. Malam ya yi a'uziyya ya juya ya fuskanci bango. Na danna in rufe, sai biyu suka buɗe. Haka ya tsaya yana kallon kalandar bango har na gama, ya karɓi littafinsa ta baya. A ranar na nemo maƙale mai toshe talla. Har yau yana nan, kuma ko data yana rage mini sha.

Na biyu mai fassara ne, yana juya shafin Turanci zuwa Hausa. Amfaninsa da yawa, amma kada ku sake ku ba shi wuya. Wani manomin rani ya sayi injin ban-ruwa ya kawo in duba masa bayanin yadda ake tayar da shi. Inda aka ce a ɗura wa famfon ruwa kafin a ja igiya, sai maƙalen ya rubuta wai a girmama famfo kafin a tashe shi. Na karanta wa mutumin haka don in ga abin da zai ce. Ya ce, "Wallahi Malam ina girmama shi, a ɗakina yake kwana." Akwai kuma mai ɗaukar hoton shafi tun daga sama har ƙasa, don shaidar rajista kada ta yanke. Akwai mai mayar da farin allo baƙi saboda idona. Akwai mai karanta rubutu da murya, wanda na sa saboda tsofaffi su ji abin da aka rubuta da sunansu, sai dai yana karanta Hausa kamar Bature mai mura. Iyalina, Hadiza, ita ta fi kowa morarsa. In na kawo laftof gida sai ta ce, "Malam, kunna mana Baturen naka ya karanto yadda ake kek ɗin nan." Yana cewa "fulawa" tana dariya har da riƙe ciki.

Ba kowane maƙale nake bari ya shigo ba. Kafin a sa shi yana rubuta abin da yake nema a ba shi izini, ku kuma ba kwa karantawa, sai dai ku danna ku wuce. Ni ina karantawa harafi-harafi. An taɓa yaba mini wani mai nuna lokutan sallah. Da na duba sai na ga yana neman izinin karanta duk shafin da na buɗe da duk inda na je. Na ce me ya haɗa kiran azahar da shafin bankin mutane? Ga ladan nan a bayan shago, bai taɓa neman izinin komai ba. Na kore shi.

A gida ma haka nake, kuma na sha tsiya a kai. Idon kyamarar laftof na liƙe shi da salatif. Ba na yarda a yi zancen sirri kusa da waya. Na taɓa gaya wa Hadiza cewa wayoyin nan suna saurare, ka ambaci abu yau gobe ka ga tallarsa. Ashe na ba ta makami. Sati guda, duk sanda na sa wayata caji na fita alwala, sai ta sunkuya a kanta ta ce, "Injin markaɗe. Injin markaɗe." Na kama ta a rana ta huɗu. Ta ce, "To ai kai ba ka ji in na faɗa, na ce bari in gwada wadda ke ji." Tallar ba ta zo ba. Injin dai ya zo.

Na shida shi ne abin alfaharina. Kun san yadda wuta take a nan, kuma lokacin ban sa sola ba, wani janareto gare ni mai tari, batirin laftof ɗin kuma ya tsufa, ana ɗauke wuta yana kan aiki sai ya mutu. Kana tsakiyar fom mai shafi biyar, ka tambayi dattijo sunan mahaifiyarsa ya yi ta jin nauyin faɗa, ka samu da kyar ka rubuta, sai ɗif. Ka sake daga farko. Wannan maƙalen kuwa duk abin da ka rubuta a cikin fom yana adana shi nan take. Wuta ta dawo, ka danna sau ɗaya, komai ya koma gurbinsa. Na sa masa suna Mai-ajiya. Ranar da na ɗauko shi na karanta izininsa sau biyu, an rubuta ƙarara cewa abin da ya adana ba ya barin kwamfutar. Shekara da shekaru yana yi mini aiki. Na yaba shi a gaban abokan sana'a har wasu suka ce ko ɗana ne.

Sai shekarar rajistar manoman rani. Wata ƙungiya ta ce za a ba da taki da iri a sauƙaƙe, amma sai an yi rajista ta intanet. Layi tun daga ƙofar nan har wurin masu faci. Mutanen Watari da ƙauyukan kewaye, masu tumatir, masu albasa, masu shinkafa, kowa da takardunsa a cikin leda. Fom ɗin yana neman suna, lambar waya, lambar katin ɗan ƙasa, lambar asusu, sunan mahaifiya, har da inda gonar take. Sati uku ban ci abincin rana a zaune ba.

Bayan kamar wata ɗaya, wani dattijo mai suna Baba Audu ya shigo. Manomin tumatir ne, dogo, marar yawan magana, na san shi tun ina tafireta. Ya yi sallama bai jira gaisuwa ta yi nisa ba, ya zauna nan inda kake zaune.

Ya ce, "Tasi'u, wa ka ba sunan tsohuwata?"

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Ya ce, "An kira ni. Mutumin ya faɗi sunana, ya faɗi gonata, ya faɗi sunan tsohuwata. Ko 'ya'yana ba duka suka san sunan nan ba. Ya ce takina ya fito, za a turo wasu lambobi a waya in karanto masa. Na ba jikata ta karanto. Na je banki jiya. Tumatirin bana gaba ɗaya, babu."

Na rantse masa da Allah ban ba kowa ba. Ya dube ni ya ce, "Ni dai bakina da kunnenka ne kawai a wurin." Ya tashi ya fita.

Kafin sati ya zagayo an kira mutum ya fi a ƙirga. Wasu sun gane sun kashe waya, wasu sun faɗa. Magana ta bazu cewa Tasi'u yana sayar da sunayen mutane. In na isa wurin mai shayi sai hira ta mutu, a koma zancen zafin rana. Na tafi wurin sakataren ƙungiyar na ce daga ofishinku ne. Ya ce, "Malam Tasi'u, waɗanda suka yi rajista a Bichi ba a kira ko ɗaya ba. Naka ne kawai." Na bincika da kaina, gaskiya ya faɗa.

To sai na shiga zargi, kuma na zargi kowa. Na zargi mai gyaran firinta. Na zargi mai sayar mini da data. Na zargi mai shagon caji da ke jikin bangona har na duba ko ya huda. Na sa manhajar kashe ƙwayar cuta ta bincike kwamfutar, ta ce lafiya lau. Ban yarda ba, na wanke kwamfutar tas, na sake zuba komai sabo. Sannan na mayar da maƙalena shida ɗaya bayan ɗaya. Ku tambaye ni wanne na fara mayarwa. Mai-ajiya mana, ai ba na iya aiki babu shi.

Da kira bai tsaya ba, sai zargin ya bi ni gida. 'Yata Fa'iza tana kwalejin horon malamai lokacin, in ta zo hutun ƙarshen mako takan ɗauki laftof ta buga aikin makaranta, in ta gama ta kalli fim. Ranar wata Asabar muna cin abincin rana na ce, "Fa'iza, wane shafi kike shiga a kwamfutata?"

Ta ce, "Na makaranta, Baba. Sai fim wani lokaci."

"Wa kika ba ita ya riƙe?"

"Babu kowa."

"Ƙawayenki fa? Ko wani ya ce ki turo masa wani abu daga ciki?"

Ta ajiye cokali. Ta ce, "Baba, ni kake tambaya ko na sayar da Baba Audu?"

Hadiza ta ce, "Malam, ka ji abin da bakinka yake faɗa kuwa?"

Na ce ni dai daga yau kada wanda ya sake taɓa laftof ɗin. Na canza lambar sirri, na saya wa jakar kwaɗo. Fa'iza ta ture kwanon ta tashi. Ta koma kai aikinta wani shago a Bichi, 'yar mai shagon kwamfuta guda tana bin layi a shagon wani. Baturen Hadiza ya daina karatu. Tuwo kuma ya fara zuwa da gudaji, kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Wadda ta warware mini bakin zaren ita ce Malama Saratu. Malamar firamare ce daga wani ƙauye a bayan Bagwai, Kirista, tana da 'yar gonar albasa da ta gada a bakin ruwa. Ta shigo ran Litinin bayan an tashi daga makaranta, da allin rubutu a hannun rigarta. Na ɗauka zagi ta kawo, na gyara zama.

Ta ce, "Malam Tasi'u, ni ma an kira ni. Ban ba su komai ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Wa yake kirana Sarutu?"

Na ce, "Sarutu?"

Ta ce, "Sau uku yana faɗa. Malama Sarutu, Malama Sarutu. Na ce ba sunana ba ke nan, ya ce haka yake a rubuce a gabansa." Ta buɗe jaka ta fito da takardar shaidar da na buga mata. "Ga ta nan. Saratu ka rubuta, daidai. Katina ma Saratu ne. To a ina aka rubuta Sarutu?"

Na karɓi takardar ina dubawa, sai ranar ta dawo mini. Ita ce ta kusa ƙarshe a layi, hannuna ya gaji. Na buga sunanta da sauri, na cika rabin fom, janareto ya yi tari ya mutu. Na fita na ja igiya, na dawo na danna Mai-ajiya, ya mayar da komai. A nan ita da kanta ta nuna allo ta ce na yi kuskure a sunan. Na gyara, sannan na tura. Ke nan Sarutu bai taɓa zuwa ofishin ƙungiya ba, bai taɓa hawa takarda ba. Minti biyar ya yi a duniya, kuma wuri ɗaya ya zauna.

Na ce, "Malama, kin tuna wuta ta ɗauke ranar?"

Ta ce, "Na tuna. Har ka ce kada in damu, kana da wani abu da ba ya mantuwa."

Duk da haka ban yarda nan take ba. Mutum ya fi saurin zargin 'yarsa a kan abin da ya yi shekaru yana yabo a gaban jama'a, wannan na gani a kaina. Na ce sai na gwada. Dabarar da na yi ita ce: kowace rana in kashe maƙale biyar in bar ɗaya, in buɗe fom in cika shi da sunan ƙarya, kada in tura, in rufe. Kowane maƙale da sunansa, na rubuta a takarda na sa a aljihu. Sunayen daga tsakar gidana na ɗebo su: Bala Mailudayi, Ladi Maimurhu, Sule Maitsintsiya, haka dai. Lambar waya ce matsala, don tawa duk garin nan an san ta. Dole na je wurin Hadiza.

Na ce, "Ina son aron lambarki."

Ta ce, "Ni da ba a yarda in taɓa jakar kwamfuta ba?"

Na yi mata bayani. Ta saurara tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Na ba ka. Amma in sun kira, ni zan amsa."

Kwana tara shiru. A na goma, ranar Asabar bayan la'asar, ina tsakar gida ina gyaran fitila, Fa'iza tana wanki ba ta kallon inda nake, Hadiza tana daka. Waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ta jingine taɓarya, ta goge hannu a zani, ta sa a lasifika.

Wata murya mai daɗi ta yi sallama cikin ladabi, ta ce, "Don Allah ko ina magana da iyalin Alhaji Tanko Maiturmi?"

Hadiza ta ce, "Turmin dai ga shi a gabana. Mai shi kuma ni ce."

"To Hajiya, albishir. Takin Alhaji ya fito. Za mu turo wasu lambobi…"

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Sai dai Alhajin ba ya noma, gero kawai yake ci, shi ma a daka masa a ciki. Ka ji tsoron Allah, ɗan nan. Uwarka ta san aikin da kake yi?"

Ya kashe. Na zaro takardar daga aljihu, ko da yake na san abin da zan gani. Tanko Maiturmi, ranar Laraba, Mai-ajiya.

Na buɗe kwaɗon jakar, na ɗauko laftof na rasa ta inda zan fara. Fa'iza ce ta tsame hannu daga ruwan wanki ta zo ta tsaya. Ta ce, "Kawo, Baba." Na faɗa mata lambar sirrin. Ta shiga shafin da ake sauke maƙalen, inda ni ban sake leƙawa da idon karatu ba tun ranar farko. Ta yi ta gangarawa tana karanta Turancin da sauri. Ta ce, "Baba, wanda ya ƙirƙire shi ya sayar da shi tun bara. Ga sunan sababbin masu shi. Ga mutane nan daga ƙasashe suna ta kuka, suna cewa a cire shi. Layin nan da ka ce an rubuta ba ya fitar da komai, babu shi yanzu." Ashe maƙale yana sabunta kansa da kansa, ba sallama. Sunansa bai canza ba, hotonsa bai canza ba, aikinsa bai canza ba. Ni na karanta izini sau ɗaya na ɗauka an gama har abada. Ranar da na wanke kwamfuta na mayar da shi ma ban karanta ba, don a ganina na san shi.

Fa'iza ta cire shi, ta rufe laftof ta miƙo mini. Ta ce, "Baba, fim ɗina fa?"

Na ce, "Fim ɗinki ba shi da laifi."

"Ni fa?"

"Ke ma ba ki da shi. Ni ne. Ki yi haƙuri."

Hadiza ta ɗauki taɓarya ta ce, "Ƙara faɗa, Malam. Daka ta toshe mini kunne."

Na ƙara faɗa.

Yanzu ga inda sana'a take, ku buɗe kunne. Zan iya yin shiru. Maƙalen ya fita, babu sabon suna da zai sake fita, a hankali magana za ta mutu, a ci gaba da cewa ƙila ofis ne, ƙila banki ne. Amma sunayen da suka riga suka fita suna hannun mutanen nan, kuma za su ci gaba da kira. Wanda bai san ta ina aka shigo masa ba, ba zai san inda zai toshe ba. Na je wurin dagaci na gaya masa komai. Ya ce ranar Alhamis manoma suna taro a bakin babbar hanyar ruwa, in zo in faɗa da bakina.

Na je a kan babur, Malama Saratu ta zo ita ma da takardarta. Na tsaya a gaban mutanen da suka fi layin sallar Juma'a na ƙauye, na ce daga shagona ne. Na ce ban sayar ba, amma ni na sa abin da ya sata, da hannuna, kuma ni ne ban duba shi ba. Na ce duk wanda ya yi rajista a wurina ya je banki ya canza lambar sirri, kuma duk wanda ya kira, ko ya faɗi sunan kakar kakarku, kada a karanta masa lamba. Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani ya yayyaga takardar shaidarsa ya watsa mini a ƙafa. Wani ya ce ƙarya ce, na ga asiri zai tonu ne na laƙa wa inji. Malama Saratu ta ɗaga murya irin ta aji ta ba da labarin Sarutu, wasu suka yi shiru, wasu ba su yi ba. Baba Audu yana zaune a kan kunyar gona. Da aka watse ya saɓa fartanyarsa ya bi ta cikin tumatir.

Shekarar nan shago ya zama kango. Sai hoton fasfo da kwafin takarda, su ma jefi-jefi. Na koma gonar gado na yi gero da wake, hannun da ya saba da madannai ya yi kanta. Fa'iza ta rubuta wa masu shafin ƙorafi da Turancinta mai kyau. Bayan wani lokaci aka sauke maƙalen daga can, ban sani ba ko tata ce ta yi aiki ko ta wasu. Waɗanda suka yi kiran kuwa ba a kama ko ɗaya ba, a iya sanina.

Shi ya sa kuke ganin burauza biyu a kwamfutar nan. Ɗaya tana da maƙale uku, da ita ake yawo. Ɗayar tsirara take, ba a maƙala mata komai, kuma a cikinta kaɗai ake rubuta sunan mutum. Duk farkon wata ina zama in buɗe shafin kowane maƙale in ga ko ya canza ubangida. In wuta ta ɗauke a tsakiyar fom, mu sake daga farko, mu sake ba dattijo haƙuri, ya sake jin nauyin faɗin sunan mahaifiyarsa. Kun ce ɓata lokaci ne. Na ji.

Da rani ya zagayo aka sake buɗe wata rajistar. Kwana biyu ina zaune, ina ganin mutane suna hawa mota zuwa Bichi da ledojinsu. A rana ta uku da hantsi wani ya tare hasken ƙofa. Baba Audu ne. Ya rame kaɗan. Na miƙe na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya zauna ya ɗora ledar takardunsa a kan tebur, amma bai ɗauke hannunsa daga kanta ba.

Ya ce, "Kada ka ɗauka na huce."

Na ce, "Ban ɗauka ba, Baba."

Ya ce, "'Ya'yana sun ce in tafi Bichi. Na ce na Bichi in injinsa ya yi sata, zai hau babur ya zo bakin ruwa ya tsaya a zage shi? Ban sani ba. Kai na gani." Ya tura ledar gabana. "Duk abin da ka rubuta ka karanta mini da bakinka, ba da Baturen nan ba. In mun zo kan sunan tsohuwata kuma, ka rufe ƙofa."

Na tashi na rufe ƙofar tun kafin mu zo wurin.